Dalma Ba Ta San Dokar Hana Haƙa Ba

A watan Disamba na 2024 ministan ma'adanai Dele Alake ya sanar da cewa gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adanai a jihar Zamfara, wanda aka kafa tun Afrilun 2019. Wata uku bayan haka farashin zinare a kasuwar duniya ya haye dala 3,000 kan kowace oza, abin da ba a taɓa gani ba. Wanda ya san yammacin Zamfara ya san abin da haɗuwar waɗannan biyun ke haifarwa: samari za su ƙara kwarara zuwa ramuka, injinan niƙa za su ƙara kwana suna kuka, buhunan dutse za su ƙara hawa bayan babura. Muhawarar da ta biyo baya ta fi karkata ga 'yan bindiga, da lasisi, da kuɗin shigar da ake cewa yana zurarewa. Ba wanda zai ce waɗannan ba su da muhimmanci. Amma akwai tambayar da ta riga su, kuma ba kasafai ake jin ta ba: mene ne a cikin dutsen da ake fasawa, kuma me yake komawa idan ya gamu da ruwa, da iska, da cikin ƙaramin yaro? A ganina, abin da zai tsare yaran Anka da Bukkuyum da Gummi daga maimaituwar bala'in gubar dalma na 2010 shi ne mutanen da ke taɓa dutsen su fahimci halin ƙarafan da ke cikinsa, da harshensu, a kuma gina dokar haƙa a kan wannan fahimtar. An kafa haramci an ɗage, dalmar da ke cikin dutse tana nan yadda take.

A farkon 2010 mutanen wasu ƙauyuka sun lura agwaginsu na ta mutuwa, ba wanda ya ɗauki abin da wata ma'ana. Sai yara suka bi: amai, ciwon ciki, sannan jijjiga, sannan rasuwa cikin 'yan kwanaki. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne, an yi zaton sanƙarau ne, magani bai yi aiki ba. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, waɗanda suka shiga yankin suna sa ido kan sanƙarau, suka ga sababbin ƙananan kaburbura sun yi yawa fiye da kima. Gwajin jini ya nuna dalma ce. Sunayen Dareta, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Bagega a ƙaramar hukumar Anka, da 'Yar Galma da Tungar Guru a Bukkuyum, suka shiga kafofin labarai na duniya. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi tare da jami'an lafiya na Najeriya a ƙauyuka biyu da abin ya fi tsanani ya gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Daga waɗanda aka gwada jininsu, kashi 97 cikin 100 sun kai matakin da ke buƙatar magani cikin gaggawa. Ƙaramar na'urar gwaji da ake tafiya da ita ƙauye tana tsayawa ne a maikirogiram 65 a kowace desilitar jini, kuma jinin yara da yawa ya wuce abin da za ta iya karantawa. Jimillar waɗanda suka rasu ta kai aƙalla 400. An daɗe ana wanke zinare a wannan yanki ba a ga irin haka ba, saboda haka cewa "haƙar zinare ce ta jawo" bai isa bayani ba. Dole a tambayi wane dutse ne, kuma yaya aka sarrafa shi.

Masana sinadarai sun jera ƙarafa bisa yadda kowanne ke zumuɗin haɗa kai da abin da ke kewaye da shi. A can sama akwai irin su sodiyam da fotasiyam, waɗanda sai a cikin mai ake ajiye su, domin da sun taɓa ruwa za su hau tafarfasa har su kama wuta. Daga nan sai kalsiyam, sai alminiyam, sai tutiya wadda 'yan makaranta suka fi sani da zink, sai baƙin ƙarfe, sai kuza, sai dalma, sai jan ƙarfe, sai azurfa da zaiba, zinare kuma yana can ƙasa, ba ruwansa da kowa. Duk manomin da ya taɓa mance fartanya a kunya damina guda ya ga wannan jerin yana aiki. Tsatsa ba komai ba ce illa baƙin ƙarfe da ya haɗu da iskar oksijin a gaban danshi, kuma da yake tsatsar ɓarewa take yi, kullum sabon jiki take buɗewa, har fartanyar ta huje. Kwanon rufi ƙarfe ne da aka yi wa rigar tutiya. Tutiyar ta fi shi zumuɗi, sai ita ta riƙa cinyewa a madadinsa, ranar da ta ƙare kuwa rufin ya fara ja. Jan ƙarfe ya fi haƙuri. Munduwar tagulla ko wayar lantarki da ta daɗe a danshi takan yi kore a sama, amma koren nan ya manne ya tsare abin da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa kayan tagulla ke shekaru ɗaruruwa a ƙasa a tono su da siffarsu. Wannan jerin ne kuma ya ba da dalilin da ya sa ake samun zinare a matsayin zinare, ƙwaya-ƙwaya cikin yashi da farin dutse, alhali ba a samun baƙin ƙarfe sai a matsayin tama, a ɗaure da oksijin, sai an kwance shi da wuta. Mutanen da suka narka tama a gindin dutsen Dala fiye da shekara dubu da suka wuce sun san gawayi na iya ƙwace oksijin daga hannun ƙarfe, ko da ba haka suke faɗar sa ba. Gawayi ba ya iya yi wa alminiyam haka, don ya fi riƙo, shi ya sa kakanninmu suka yi garma da takobi amma ba su taɓa ganin tukunyar alminiyam ba. Alminiyam sai da aka gano yadda ake raba shi da oksijin ta hanyar wutar lantarki a 1886 ya yi arha.

Matsayin dalma a wannan jeri shi ne ke ruɗar mutane. Tana ƙasa da baƙin ƙarfe, ba ta tsatsa irin tasa, tana da taushi da nauyi, tana narkewa a zafin digiri 327 kacal, abin da garwashin murhu ke iya kaiwa. Masunci ya saba da ita a gefen birgi, maharbi ya saba da ita a harsashi, mai gyaran rediyo ya saba da ita a liƙi. Ganin ta a matsayin salihar aba ba abin mamaki ba ne. Sai dai a cikin ƙasa dalma ba ta zama ita kaɗai. Tana da son farar wuta, kuma idan suka haɗu sukan ba da wani dutse mai nauyi, baƙi-baƙi mai ƙyalli, wanda masana ke kira galina. Ba baƙon dutse ba ne a ƙasar Hausa, shi ne ake daka wa a yi tozali. Jijiyoyin dutsen da aka koma haƙa a yankin Anka da Bukkuyum lokacin da zinare ya yi tsada bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 suna ɗauke da zinare da galina tare, a wasu wuraren dalmar ta haura kashi 10 cikin 100 na nauyin dutsen. Galina ita kanta ba ta narkewa da sauƙi. Amma binciken da Geoffrey Plumlee da abokan aikinsa na hukumar nazarin ƙasa ta Amurka suka buga a 2013 ya nuna abin da ya sa na Zamfara ya zama daban. A sassan jijiyar da ke kusa da doron ƙasa, ruwan sama da iska sun shafe dubban shekaru suna cin galinar, suka raba dalma da farar wuta, suka mayar da ita wasu sinadaran, musamman kabonet na dalma. Shi kuwa kabonet bai iya jure tsami. Uwar gida da ta taɓa jefa kanwa cikin ruwan tsamiya ta ga tana kumfa tana narkewa ta riga ta ga abin da ke faruwa, domin kanwa ma kabonet ce, cikin ɗan Adam kuma cike yake da asid mai ƙarfi da ya fi tsamiya nesa ba kusa ba.

Ko da haka, da dutsen ya zauna dunƙule da bai kashe kowa ba. Haɗuwar sinadarai a fatar abu take faruwa, kuma duk lokacin da aka raba dutse biyu an ƙara masa fata. Don a kai ga ƙwayar zinaren da ke maƙale ciki, sai an fasa dutsen da guduma ya koma tsakuwa, sannan a zuba a injin niƙa, irin wanda ake niƙa dawa da masara da shi, ya fito gari. A bushe ake yin niƙan. Ƙurar tana tashi ta rufe mai injin tun daga gira har yatsun ƙafa, ta sauka kan katanga, kan randar ruwa, kan hatsin da aka shanya. Da aikin ya yi yawa sai ya shiga cikin gidaje, inda mata ke samun ɗan abin hannu da shi: a daka dutse a turmin da za a yi surfe da shi anjima, a wanke garin a kwano, a baza shi a tsakar gida ya bushe, a share ragowar a tara a lungu. A ƙauyuka biyun da aka bincika, kusan gida biyu cikin uku ana wani ɓangare na wannan aikin a ciki. Ɗan shekara ɗaya da ke rarrafe a wannan tsakar gida, hannunsa daga ƙasa sai baki. An auna ƙasar wasu wuraren aka samu dalma fiye da miligiram 100,000 a kowane kilo, alhali iyakar da Amurka ta gindaya a lokacin wa filin wasan yara 400 ce. Abubuwa uku ke nan suka haɗu: irin sinadarin da dalmar ta koma, laushin da inji ya yi mata, da wurin da aka yi aikin. Na farko ba a hannun kowa yake ba. Biyun ƙarshe kuwa ɗan Adam ne ya zaɓa, kuma zai iya sauyawa.

Abin da dalma ke yi a jiki ma halin ƙarfe ne. Jiki na buƙatar kalsiyam don ƙashi da aikin jijiyoyi, yana buƙatar baƙin ƙarfe don jini, yana buƙatar tutiya don wasu ayyukan da ba a gani. Dalmar da ta narke tana kama da waɗannan a wurin ƙofofin da hanji ya tanadar musu, sai ta bi ta nan ta shige, ta zauna a mazauninsu ba tare da ta yi aikinsu ba. Ta hana a ƙera jan jini yadda ya kamata, ta dagula saƙonnin ƙwaƙwalwa, idan ta yi yawa ƙwaƙwalwar ta kumbura, jijjiga ta biyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro na tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotsa daga abu guda, kuma wanda ke fama da yunwa ko ƙarancin jini ya fi kowa, don jikinsa ya buɗe ƙofofin nan yana neman ƙarfen da ya rasa. Hukumar ta kuma ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira lafiyayye. Wadda ba ta kashe ba takan ɓuya a ƙashi shekaru da dama, kuma idan mace ta samu juna biyu, jikinta ya fara ɗibar kalsiyam daga ƙashinta don gina na jariri, dalmar na fitowa tare da shi. Yarinyar da ke da shekara uku a Dareta a 2010 yau ta kai munzalin aure. Wannan kaɗai ya isa ya hana kowa cewa maganar ta wuce.

Dalma asalin sinadari ce, ba ta ruɓewa, wuta ba ta cinye ta, rana ba ta kashe ta. Ƙusa ta yi tsatsa ta koma ƙasa ba ta cutar da kowa ba, dalma kuwa inda aka zubar da ita nan jikoki za su tarar da ita. Shi ya sa aikin da kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka jagoranta tare da ma'aikatar muhalli ta jiha ya kasance na shebur da baro: a kankare saman ƙasar gida, a ɗura a buhu, a kai rami a binne, a kawo sabuwar ƙasa a shimfiɗa, gida bayan gida. Maganin da aka bai wa yara a asibitocin Anka da Bukkuyum, DMSA, da son da dalma ke yi wa farar wuta yake aiki; yana ɗauke da farar wuta a jikinsa, dalmar da ke jini ta maƙale masa, su fita tare a fitsari. Amma likitoci sun ƙi fara shi ga yaron da zai koma ya kwanta a gurɓatacciyar ƙasa, domin zubar da magani ne kawai. Wannan ne ya sa Bagega, wadda ta fi sauran girma da gurɓata, ta zauna tana jira. A 2012 ana ta kai ruwa rana kan naira miliyan 850 da gwamnatin tarayya ta yi alkawari, sai da MSF da Human Rights Watch da gangamin matasa na Follow The Money, wanda Hamzat Lawal na cikin jagororinsa, suka matsa lamba kafin gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗi a farkon 2013. Da MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a Fabrairun 2022, ta riga ta gwada yara fiye da 8,000, ta yi wa sama da 3,500 maganin cire dalma.

Za a ce matsalar talauci ce, ba rashin sani ba. Mutane sun binne 'ya'yansu kuma sun koma rami, don abin da mutum zai samu a 'yan kwanaki a wurin zinare gona ba ta ba shi a wata. Gaskiya ne, kuma duk wanda ke wa'azin a bar haƙa daga ofis mai sanyi a Abuja bai kawo abin da zai maye gurbinta ba. Sai dai wannan hujjar ba ta rushe batun ba, ƙarfafa shi take yi. Tunda mutane ba za su bari ba, abin da ya rage shi ne yadda za su yi, kuma sanin halin dalma ne ke nuna inda ɗan kuɗi kaɗan zai yi aiki mai yawa. Idan hatsarin a ƙura yake, ruwa ne maganinsa. Bayan irin wannan annobar ta kashe yara 28 a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja a 2015, ƙungiyar OK International da MSF suka gwada fesa ruwa a bakin injinan niƙa tare da masu haƙar kansu, kuma sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna dalmar da ke iska ta ragu da kusan kashi 95 cikin 100. Tankin ruwa ne da tiyo da famfon fesawa. Ƙari a kan haka, a yi niƙa nesa da gari, a yi wanka a wurin aiki, a bar tufafin aiki a can, kada injin dutse ya taɓa hatsi har abada. Mutumin da aka ce masa "hukuma ta hana" zai bi muddin ana kallonsa. Wanda ya gane cewa farar ƙurar da ke kan rigarsa ce za ta narke a cikin ɗansa idan ya ɗauke shi, shi zai tuɓe rigar ko ba kowa.

Za a kuma ce yankin da 'yan bindiga ke karɓar haraji a bakin rami ba wurin koyar da kimiyya ba ne, a fara kawo tsaro tukun. Haramcin 2019 don tsaro aka yi shi, ba don dalma ba, kuma ba a nan za a yanke hukunci kan ko ya yi amfani ta wannan fuskar ba. Ta fuskar lafiyar yara kuwa lissafin a bayyane yake. Aikin da aka haramta ba ya tsayawa a fili inda jami'in muhalli zai auna ƙasa ya ba da shawara. Lungu yake nema, kuma babu lungun da ya fi cikin gida tsaro a ƙasar da baƙo namiji ba ya wuce zaure. Babban abin da aka samu bayan 2010, da taimakon sarakuna da hakimai, shi ne fitar da niƙa da shanya daga gidaje zuwa bayan gari. Duk dokar da za ta sa mutum ya ji tsoron a gan shi da buhun dutse a waje tana tura buhun ne zuwa ɗakin da yara ke kwana. Rashin tsaron ma wani dalili ne na a sa ilimin a kan mutane: inda motar likita ba ta iya shiga, abin da ke cikin kan mai inji da matar gida shi kaɗai ya rage.

Akwai mai cewa iyaye da kakanni sun yi ta sa tozali ba su mutu ba, rai kuma na Allah ne. Rai na Allah ne, shi ne kuma ya halicci sababi ya ce a kiyaye. Batun tozali kuwa abin da aka faɗa a baya ya amsa rabinsa: galinar da ba ta sauya ba ba ta narkewa da sauri kamar kabonet, kuma ɗan abin da ake ja a ido ba ya kama ƙafar tsakar gidan da aka shimfiɗe da gari. Ɗaya rabin ba shi da daɗin ji. Jariri na murza ido ya kai hannu baki. A 2012 hukumar CDC ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma ta hau a jininsa, da aka bi diddigi sai aka tarar tozalin da ake sa masa ne, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Ƙaramar dalma ba ta sa jijjiga. Rage kaifin ƙwaƙwalwa take yi a ɓoye, sai yaro ya girma ana ce masa daƙiƙi, ba wanda zai tuna da tandun kwalli.

Hujjar da ta fi ɓata rai ita ce ta masu cewa wannan ilimi ya fi ƙarfin mutumin ƙauye. Maƙerin da ke duba launin ƙarfe a wuta ya san lokacin da zai tsoma shi a ruwa, maƙerin fari da ke haɗa jan ƙarfe da tutiya ya fitar da tagulla mai ruwan ɗorawa, mai wankin zinare da ke juya kwano ya bar nauyi ya raba masa zinare da yashi, duk aikin kimiyya suke yi da hannu. Abin da ba a taɓa yi ba shi ne a zauna da su a ɗora bayanin a kan abin da suka riga suka sani. Laifin yana wurin masu ilimin. Jerin ƙarafan nan yana cikin manhajar sakandare, ɗalibi a Gummi ko Anka na haddace shi da Turanci don jarrabawar WAEC da NECO, ya rubuta, ya manta, bai taɓa jin an ce masa dutsen da yayansa ke kawowa gida yana cikin darasin ba. Akwai gwajin da ba ya cin kuɗi: a tsoma sabuwar ƙusa cikin shuɗin ruwan sinadarin jan ƙarfe, bayan 'yan mintoci ta fito ja, don baƙin ƙarfe ya ture jan ƙarfe daga ruwan ya ɗauki wurinsa. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai sha wahalar gane cewa ƙarfe na iya narkewa ya ɓace a ruwa mai kama da tsabta ba, kuma wani ƙarfen na iya zama a mazaunin wani. Malamin da ya haɗa wannan da labarin Bagega, da Hausa, ya yi aikin da allunan gargaɗi ɗari ba za su yi ba.

Zaiba ma tana buƙatar irin wannan bayanin. Da yake zinare ba ya haɗuwa da asid na yau da kullum, masu haƙa na amfani da ɗaya daga cikin 'yan abubuwan da ke kama shi: a zuba zaiba a jiƙaƙƙen gari, ta haɗiye ƙwayoyin zinaren, a matse a ƙyalle, a ɗora curin kan wuta, zaibar ta tashi, zinare ya rage. Mutane na ɗauka ta ƙone. Tururi ta koma, marar launi marar wari, wanda mai hura wutar ke shaƙa kai tsaye, sauran kuma ya sauka a ƙasa da tafki ya shiga kifi. Sunan garin Minamata na ƙasar Jafan, inda zaiba ta nakasa dubban mutane, shi aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan rage amfani da ita, kuma Najeriya ta sa hannu. Akwai ƙaramar tukunya mai rufi da bututu da ke kama tururin ya koma ruwan zaiba a sake amfani da shi, wadda mai walda zai iya haɗawa. Ga wanda ke sayen zaiba da tsada, wannan ma ciniki ne.

Mutumin Gummi na iya cewa sunan garinsa ba ya cikin jerin ƙauyukan 2010. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Gummi da Bukkuyum kujera ɗaya suke rabawa a majalisar wakilai, hanya ɗaya ce ke kai su Anka da Gusau, samari na zuwa ci-rani a ramuka su dawo da jaka da takalmi da bargo, dutse kuma na tafiya a buhu zuwa duk inda inji yake. Ban da haka dalma na da wasu ƙofofin da ba su da alaƙa da zinare. Akwai masu fasa tsofaffin batiran mota da na sola su narka abin ciki a bayan kasuwa. Akwai tukwanen da ake zubawa daga tarkacen alminiyam, kan inji da gwangwani da duk abin da aka samu, waɗanda bincike a Kamaru ya nuna wasunsu na sakin dalma cikin abinci, musamman mai tsami. Miyar yakuwa da ta tumatir da kunun tsamiya kuwa abincinmu ne na kullum. Duniya ta gama raba man fetur na motoci da dalma a 2021, lokacin da Aljeriya ta zama ta ƙarshe da ta daina, bayan gwagwarmayar shekaru da dama. Namu tushen ya fi kusa da murhu, kuma ba wani taron ƙasa da ƙasa da zai zo ya duba tukunyar kowa.

Tunda an buɗe ƙofar haƙa, sharuɗɗan lasisi a wannan yanki ya kamata su fito daga halin dutsen. Na'urar hannu da aka yi amfani da ita lokacin kankare ƙauyuka, wadda ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan dalma cikin ƙasa da minti guda, ya kamata ma'aikatar muhalli ta jiha ta ajiye ta a kowace babbar matattarar niƙa, a auna dutsen sabon rami kafin a niƙa buhun farko, a faɗa wa masu shi sakamakon a gaban hakimi. Ƙungiyar masu haƙa da ba ta da ruwa a bakin injinta da wurin wanka kada a ba ta takarda, wadda ta cika kuma a ba ta ba tare da wahalarwa ba, don ta ga ribar fitowa fili. Manyan asibitocin Anka, Bukkuyum da Gummi su riƙa gwada dalma a jinin duk yaron da ya zo da jijjigar da ba ta ji maganin zazzaɓi ba, da kuma mata masu zuwa awo daga ƙauyukan da abin ya shafa. Tun 2022 wannan nauyi ya koma wuyan gwamnatin jiha, kuma 'yan majalisar dokoki masu wakiltar waɗannan ƙananan hukumomi uku su ne ke da hurumin tambaya, lokacin kare kasafi, nawa aka ware wa kayan gwajin da maganin, da kuma yara nawa aka gwada a bara.